Nazarin waƙoƙin ƙwari da adon harshensu: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban adabi da yawa kan yi turus idan aka miƙa musu waƙar da babu sarki a cikinta, babu masoyiya, babu yaƙi, sai sauro ko fara ko ƙuda. Wasu su ɗauka wasan yara ne, wasu kuma su ruga farautar sunayen adon harshe, wato dabarun ƙawata magana irin su kamantawa da siffantawa, ba tare da sun tsaya sun kalli ƙwaron ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa, da amsoshinsu.

Malam, ƙwaro ma har ya isa a yi masa waƙa, a kuma zauna nazarinta?

Ya isa. Wanda ya tashi cikin karatun Alƙur'ani bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, amma daga gare shi marubuta waƙoƙin Hausa na farko suka koyi yadda ake buga misali, kuma surori uku a cikinsa sunan ƙananan halittu suke ɗauke da shi: Suratun Nahli ta ƙudan zuma, Suratun Namli ta tururuwa, da Suratul Ankabuti ta gizo-gizo. A aya ta 26 ta Suratul Baƙara an faɗa cewa Allah ba Ya jin kunyar buga misali da sauro. A aya ta 73 ta Suratul Hajji an ƙalubalanci abubuwan da ake bauta wa su halicci ƙuda, aka ƙara da cewa ko wani abu ƙudan ya fizge musu ba za su iya ƙwato shi ba. A Suratul Ƙamar an kamanta fitowar mutane daga kaburbura da fara mai watsuwa.

Ƙanƙantar ƙwaro ita ce ƙarfinsa a hannun mawaƙi. Idan aka ce zaki ya kayar da mutum, ba wanda zai girgiza kai. Idan aka ce sauro ne, dole mai sauraro ya tsaya ya yi tunani.

Gizo-gizo da kunama da kaska suna cikin lissafi?

A ilimin halittu ba sa ciki, domin ƙwaro a can ƙafa shida gare shi da jiki mai kashi uku, su kuwa waɗannan ƙafa takwas ne da su. Amma bakin Bahaushe duk ƙwari yake kiransu, kuma waƙa da bakin jama'a take tafiya. Ka saka su, sai dai ka faɗi ma'aunin da ka bi tun a farkon aikinka.

Daga ina zan fara idan aka ba ni irin wannan waƙa?

Daga tambaya ɗaya: ƙwaron ake wa waƙar, ko an hau bayansa ne za a je wani wuri? Akwai waƙar da ƙwaron kansa ne abin kallo, mawaƙi yana mamakin halittarsa da aikinsa. Akwai wadda ake gargaɗi a kan cutarwarsa, irin waƙoƙin da ake sakawa a rediyo da damina don a kwana cikin gidan sauro. Akwai kuma wadda ƙwaron mayafi ne kawai, mutum ake nufi: azzalumi, ko maciyin amana, ko makwaɗaici. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yawa a bakin Hausawa, saboda mu mutanen habaici ne.

Idan ka raba wannan gardama, ka samu jigo. Daga nan sai ka bi matakan da aka saba koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji, waɗanda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya shimfiɗa: tarihin mawaƙi da na waƙar, jigo da warwararsa, zubi da tsari, sannan salo da sarrafa harshe. Adon harshe a ƙarshe yake zuwa, kuma da dalili. Wanda bai san inda waƙa ta nufa ba, ba zai gane amfanin kwalliyarta ba.

Za a iya nuna mana misali a aikace?

Ga baitoci uku da na tsara domin wannan bayani:

Sauro maroƙi ne, kiɗansa a kunnuwa,
Ladan da zai karɓa a gunka ɗigon jini.

Ba gayyatarsa akai ba, ba shi da sallama,
Ya bar uwa da ɗiyarta neman magani.

In ka ga ƙanƙantarsa kar ka yi dariya,
Namarudu ya ga irinta can wani zamani.

Ta fuskar zubi, 'yar ƙwar biyu ce, ɗango biyu a kowane baiti, kuma babban amsa-amonta shi ne «ni»: jini, magani, zamani. Ka lura waɗannan kalmomi uku su kaɗai sun ba da labarin: cizo, jinya, sannan darasin tarihi. Duk lokacin da kake nazari, ka jera kalmomin amsa-amo su kaɗai ka karanta. Sau da yawa a nan mawaƙi yake ajiye kayansa masu nauyi.

Ɗangon farko siffantawa ce, domin an ce sauro maroƙi ne kai tsaye. Ba a tsaya nan ba, an ja hoton zuwa gaba: yana da kiɗa, yana jiran lada, ana maganar gayyata da sallama. Siffantawar da ta ratsa baiti fiye da ɗaya haka ita ake kira doguwar siffantawa. A cikinta kuma akwai mutuntarwa, tun da kiɗa da karɓar lada da sallama duk ayyukan ɗan Adam ne.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin da ya sa hoton ya zauna. Sauro yana yin ƙara a kusa da kunne kafin ya sauka, kuma ba ya tafiya hannu rabbana. Waɗannan halaye biyu na gaskiya su ne mahaɗar da ke tsakaninsa da mai kiɗan da ke matsowa kusa da kai yana jiran kyauta. Sannan sai baiti na biyu ya nuna inda suka rabu: maroƙin gaske ana gayyatarsa biki, yana sallama, yana barin mutane cikin nishaɗi, wannan kuwa jinya yake bari. Baiti na uku ya ɗauko labarin da ke cikin littattafan tafsiri da ƙissoshin annabawa, na Namarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, aka halaka shi da sauro. Da suna ɗaya aka ɗaga waƙar daga ɗakin kwana zuwa maganar girman kai da ƙarshensa.

Har yanzu ina rikita kamantawa da siffantawa. Mene ne bambancin?

Kamantawa tana da kalmar da ke riƙe da ɓangarorin biyu: kamar, tamkar, awa, ya, sai ka ce. «Sun watsu a gona kamar fara» kamantawa ce. Idan an daidaita abubuwan biyu, kamancen daidaito ke nan. Idan an ce ɗaya ya fi, kamar «ya fi cinnaka zafin cizo», kamancen fifiko ne. Idan an ce bai kai ba, na kasawa ne. Siffantawa kuwa ta jefar da wannan kalma, ta ce wannan shi ne wancan: «su fara ne». Ta fi zafi, domin ba ta bar wa mai sauraro ƙofar cewa ai kama ce kawai ba.

Yaushe ake cewa mutuntarwa, yaushe ake cewa dabbantarwa?

Ka duba wanda aka ba kayan wani. Idan ƙwaro aka ba halin mutum, tururuwa ta yi shawara, gyare ya yi kiran sallah, gara ta ƙulla makirci, mutuntarwa ce. Idan mutum aka ba halin ƙwaro, aka ce wane yana tsotsar jinin talakawa ko yana bin duk inda ya ji maiƙo, dabbantarwa ce, ko da ba a ambaci kaska ko ƙuda da suna ba. Su biyun da abuntarwa, wato mayar da mai rai abu maras rai, su ne rassan jinsintarwa.

A waƙoƙin ƙwari ana yawan samun su a haɗe, kuma nan ne ɗalibai ke faɗawa rami. Mawaƙi zai iya mutuntar da gara a fili, alhali a ɓoye wani ma'aikaci yake dabbantarwa. Amsa mai kyau ita ce wadda ta nuna hawa biyun: a saman waƙa an ba gara wayon mutum, a ƙarƙashinta an ba mutum ɓarnar gara.

Kowane ƙwaro yana da ma'ana tsayayya da zan haddace?

Yana da kayan da al'ada ta ɗora masa, amma ba a haddace su kamar jadawalin lissafi. Karin magana ita ce taskar da za ka fara buɗewa. An ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, saboda haka ƙuda a waƙar Hausa da wuya ya rabu da kwaɗayi da naci. An ce zuma ga zaƙi ga harbi, sai ta zama alamar duk abin da daɗinsa ke tafe da wahala, mulki ne ko soyayya. An ce in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, sai fiffikenta ya zama alamar ɗaukakar da ke gaban faɗuwa. Gizo na tatsuniya ya bar wa jinsinsa gadon wayo da zamba. Amfani da abu ɗaya ya tsaya a madadin wata ma'ana haka shi ne alamtarwa.

Ka lura duk waɗannan daga kallo suka fito. Da farkon damina ne tururuwa da gara masu fiffike ke fitowa daga rami domin barbara, su cika fitila, tsuntsaye da ƙadangaru da kaji su yi ta wawarsu, da safe a tarar da fikafikai zube a ƙasa. Wanda ya fara yin wannan karin magana ya ga haka da idonsa shekara da shekaru.

Amma alama tana juyawa. Fara bala'i ce ga manomi: waɗanda suka ga farin dangon da suka afka wa Nijar a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, ba za su ji sunanta a waƙa su yi murmushi ba. Ita ɗin ce kuma ake soyawa da yaji ana sayarwa a kasuwanni, yara da manya suna marmarinta. Gizo-gizo ma haka: a Suratul Ankabuti gidansa ne misalin mafi raunin gidaje, amma a waƙoƙin begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saƙarsa a bakin kogon Sauru alamar kariyar Ubangiji ce, kamar yadda Busiri ya kawo a Burda. Baitin da ke gabanka ne zai gaya maka fuskar da aka juyo.

Ta yaya zan gane adon harshe mai kyau da wanda aka liƙa kawai?

Ga gwajin da nake ba kowa: cire ƙwaron, ka sa wani a gurbinsa. Idan waƙar ta ci gaba da tafiya ba ta yi ɗingishi ba, to mawaƙin bai kalli ƙwaronsa ba, suna kawai ya ara. A baitocin sama, sa ƙuma a gurbin sauro: ita ma tana shan jini, amma ba ta da kiɗa, nan take maroƙin ya ɓace. Sa gyare: yana da kiɗa, amma ba ya karɓar lada. Sauro kaɗai ya haɗa biyun.

Wannan ne ma'aunin da na fi yarda da shi, kuma ina ganin ya fi jera sunayen adon harshe goma amfani. Kwalliyar waƙar ƙwaro daga jikin ƙwaron take tsirowa, daga tafiyarsa da cinsa da ƙararsa da lokacin fitowarsa. Gara ta dace da maciyin amana ne saboda takan cinye azara ta ciki ta bar bayanta lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto. Buzuzu ya dace da mai wahalar tara abin da ba shi da daraja saboda an gan shi yana mirgina kashin shanu da ƙafafun baya. Idan mai nazari bai san waɗannan halaye ba, zai iya faɗin sunan adon, amma ba zai iya faɗin ko ya yi kyau ba.

Ke nan sai na karanta kimiyyar ƙwari?

Kaɗan daga ciki zai ƙara maka ido. Misali, macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini ƙwayayenta su nuna, namijin ruwan furanni yake sha. Ƙarar da muke ji kuwa ba daga baki take fitowa ba, kaɗawar fiffike ce sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Gyare namiji ne ke kuka, ta hanyar goga fiffike a kan fiffike, yana kiran mace. Ma'aikatan amya duka mata ne.

Wannan ba ya nufin ka kama mawaƙi da laifi don ya ce wa sauro «shi». Nahawun Hausa ne ya ba shi jinsin namiji, kuma mawaƙi da harshe yake aiki. Amfanin sanin shi ne ka ga inda waƙa ta bi gaskiyar halitta da inda ta kauce, sannan ka tambayi abin da kaucewar ta saya mata.

Akwai abin koyo a waƙoƙin wasu harsuna?

Akwai, kuma misalin da na fi so ƙuda ne. Kowa ya taɓa ganin ƙuda ya sauka yana goga ƙafafunsa na gaba. Masana sun ce share su yake yi, domin da ƙafafun yake ɗanɗanar abin da ya taka. Antara ɗan Shaddad, mawaƙin Larabawa na ƙarni na 6, wanda almajiran zaure ke karanta waƙarsa cikin waƙoƙin Jahiliyya, ya siffanta wani dausayi bayan ruwan sama, inda ƙuda ya samu wuri shi kaɗai yana rera waƙa kamar wanda ya bugu, yana goga hannu a kan hannu kamar mai dungu da ya duƙufa yana ƙoƙarin ƙyasta wuta. Malaman adabin Larabci na da sun lissafa wannan cikin kamancen da ba wanda ya iya yin irinsa.

A Japan kuma, Kobayashi Issa, wanda ya rayu daga 1763 zuwa 1828, ya ga wannan motsi ɗin, ya yi 'yar gajeruwar waƙa irin tasu mai gaɓa 17, yana cewa kada a kashe ƙudan, ga shi yana murza hannuwa yana murza ƙafafu. Shi roƙon a bar shi da rai ya gani.

Motsi ɗaya, ido biyu, fiye da shekara dubu a tsakani. Balaraben jeji ya ga nishaɗi da aikin kunna wuta, mutumin Japan da ya tashi cikin addinin Buda mai hana kashe rai ya ga mai neman afuwa. Idan ka ajiye su gefen karin maganarmu ta kwaɗayi, za ka gane cewa adon harshe yana gaya maka labarin mai kallon da al'ummarsa kamar yadda yake gaya maka labarin ƙwaron. Sai dai ka kiyaye: idan ta fassara ka karanta waƙa, ka yi magana a kan hotunanta da jigonta, ka bar zancen karinta da amonta, domin waɗannan ba sa tsallake fassara.

Ina matsayin sauti? Ƙwari ai da ƙara aka san su.

Nan ne wajibi ka karanta waƙar da babbar murya. Mawaƙi kan kwaikwayi ƙarar kai tsaye, ko ya tara baƙaƙe masu zuzu irin «z» da «s» a ɗangon da ke maganar zuma ko sauro, ko masu ƙarfi irin «ƙ» da «ts» inda ake cizo da tsotsa. Maimaita baƙi ɗaya a jere har harshe ya riƙa sarƙewa shi ne karangiya. Hausa kuma tana da arzikin kalmomin da ke zana motsi da yawa: fara ta taso duu, tururuwa ta fito yuu, ƙudaje sun yi dafifi. Kada ka tsaya a cewa akwai su. Faɗi abin da suka sa kunne ya ji, da yadda hakan ya taimaki jigo.

Gangara ma tana da aiki a nan, wato maganar da ba ta ƙare a ɗango ɗaya ba sai ta zuba cikin na gaba. Mawaƙin da ke siffanta jerin gwanon tururuwa zai iya barin jimlarsa ta yi ta gangarawa ba tsayawa, tsarin waƙar ya zama hoton abin da ake faɗa.

Dole ne in fitar da karin waƙar, wato ma'aunin da gaɓoɓinta ke tafiya a kai?

Idan rubutacciya ce, eh. Gaɓar Hausa iri biyu ce: mai nauyi, wato mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, da maras nauyi, mai gajeren wasali. Sauro gaɓa biyu ne masu nauyi, ƙuda kuwa maras nauyi ce da mai nauyi, domin wasalin ƙarshe dogo ne. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka da kunne ake yanka. Ɗangon farko na misalinmu haka yake: sau-roo-ma-roo, ƙii-nee-ki-ɗan, sa-a-kun-nu-waa. Ƙafa uku ke nan, wato rukunin gaɓoɓi uku, na karin Kamil, ɗaya daga cikin karuruwan arulin Larabci da marubutan Hausa suka daɗe suna hawa, inda gaɓa biyu marasa nauyi a farkon ƙafa ke iya musanya da ɗaya mai nauyi. Waƙar baka kuwa kiɗa ne ke riƙe da ita, sai a nemi ma'auninta a ganga ko kalangu ko gurmi.

Waƙar wayar da kai a kan zazzaɓin cizon sauro ta cancanci nazari, ko talla ce kawai?

Ta cancanta. Waƙar faɗakarwa tsohuwar hanya ce a adabin Hausa, kuma manufa ba ta hana fasaha. A auna ta da ma'aunin da aka auna sauran: shin ta ga sauron, ta san kwatami da tsohuwar taya da kaskon da ruwa ya kwanta inda yake ƙyanƙyasa, ko umarni kawai ta jera aka sa masa kiɗa?

Waɗanne kurakurai ne suka fi kayar da ɗalibai a jarrabawa ko kundin kammala karatu?

Na farko shi ne kawo sunan ado ba tare da baitin da ke ɗauke da shi ba. Na biyu, kawo baitin a yi shiru, ba a faɗi aikin da adon ya yi ba. Sai kuma tilasta wa waƙa ma'anar ɓoye: ba kowace fara ce ɗan siyasa ba, wani lokaci manomi ne ke kukan geronsa, kuma wannan kukan ya isa jigo. Kafin ka ce habaici ne, nemo shaida a cikin waƙar ko a tarihin lokacin da aka yi ta. Akwai kuma masu ɗauko ma'anar alama daga littafin wata al'umma su ɗora wa waƙar Hausa, alhali mawaƙin bai taɓa jin ta ba.

A ina zan samu waƙoƙin da zan yi aiki a kansu?

Kada ka tsaya neman waƙar da aka raɗa wa sunan ƙwaro daga farko har ƙarshe, domin ba su da yawa. Ƙwari a adabinmu a warwatse suke: baiti ɗaya a waƙar wa'azi inda ake siffanta kabari ko tashin ƙiyama, ɗango biyu a waƙar noma, zambo a waƙar fada, kirarin ɗan dambe ko ɗan tauri, waƙoƙin da ke cikin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, waƙoƙin gaɗa da na daka da na reno. Ɗakunan karatu na sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato suna da diwanai da kundaye, gidajen rediyo kuma suna da tsofaffin faya-fayai. Na baka da ba a taɓa rubutawa ba, wurin tsofaffi mata da manoma da masu ɗaura amya za ka same su. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka rubuta garin da ranar da sunan da mai waƙar ya yarda a kira shi da shi, kuma ka tambaye shi wane ƙwaro yake nufi, domin sunan ƙwaro ɗaya kan bambanta tsakanin Kano da Katsina da Damagaram.